Wa ke zuwa gidan marayu ranar Talata?

Duk wanda ya taɓa kai ziyara gidan marayu a Legas ranar Asabar cikin watan azumi, ko a makon Kirsimeti, ya san yadda abin yake. Motoci a jere har bakin titi, ana sauke buhunan shinkafa, katan-katan na Indomie, jarkokin mai, biskit da lemon kwalba. An yi wa yara wanka an sa musu kayan fita, sun jeru suna rera waƙar maraba da suka haddace don irin wannan rana. Wannan ƙungiya na fita waccan na shiga, ga wata mai murnar zagayowar ranar haihuwa tana jira da kek a mota. A yi addu'a, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ni ma da haka na fara, cikin tawagar matasan masallacinmu na Agege, kuma ba zan ɓoye ba, na dawo gida zuciyata fari ƙal. Sai da wata larura ta mayar da ni gidan ranar wata Talata cikin watan Yuni, ruwa na zuba tun asuba, sannan na ga gida daban. Ba mota ko ɗaya a ƙofa. Ɗakin ajiya maƙare da shinkafa, amma tukunyar gas ta ƙare, ana ta lalube a haɗa kuɗin kai wani yaro asibiti, mai reno guda ɗaya tana fama da jarirai, tana goye da ɗaya, biyu na tsala kuka a gado.

Tun daga ranar na daina ganin cewa matsalar ƙarancin masu alheri ce. Masu alheri suna da yawa a Ikko. Abin da na lura shi ne taimakonmu yana zuwa a lokacin da ya dace da mu, cikin siffar da za ta yi kyau a hoto, shi kuwa gidan yana tafiya ne a kan wasu abubuwa da ba sa shiga hoto.

Rana a irin wannan gida tana farawa kafin kiran sallah, kuma da ruwa take farawa. Yawancin unguwannin Legas ba su dogara da ruwan famfon gwamnati ba, rijiyar burtsatse ce, ita kuma sai da wuta take tura ruwa tanki. In ba wuta a tada janareta, in ba mai a kira mai ruwa da kurarsa, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne daga Arewa ko Nijar. Har Yarabawa sunan da suke kiransa da shi ke nan, mai ruwa. Daga nan wanka, sa tufafin makaranta, karin kumallo, a fita da wuri don gudun cunkoson hanya. Manyan yara su tafi, a bar jarirai da marasa lafiya da waɗanda nakasa ta hana fita. A nan aikin gaske yake: dama madara, wanke kwalabe, canza ƙunzugu, ba da magani a kan lokaci, da wanki wanda ba ya ƙarewa.

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ba zai gane wahalar wankin nan ba sai ya gani. A gida ka shanya riga da hantsi ka kwashe kafin azahar. A Legas ruwan sama na shekara ya kusan ninka na Kano, daminar tana kankama tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan sarara a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Zanen gado ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, katifar da yaro ya yi wa fitsari ta yi funfuna, bango ya yi gumi. Inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya suna musayar tawul, ƙazuwa da makero ba sa neman izini, in ɗaya ya kamu sai an bi ɗakin gaba ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro da muka saba yana tasowa da damina a Arewa, a nan ba shi da hutu, shekara duk lokacinsa ne, gidan sauro guda da ya yage kuwa ya isa ya kwantar da yaro. Gudawa ga jariri abin awanni ce, shi ya sa mai reno da ta san aikinta ba ta rabuwa da ƙunshin ruwan gishiri da sukari. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas cikin Yunin 2024, gidajen da ba su da tabbacin ruwan sha ba su yi barci da ido biyu rufe ba.

Ita kanta shinkafar da muke taƙama da kaiwa, wannan damshi ba ya barin ta. Hatsi a rumbun Arewa ya shekara lafiya lau. A ɗakin ajiyar Legas buhun da aka jibge a Disamba, kafin a kai gare shi ƙwari sun riga yara.

To me ya sa ba a ba da kuɗi kawai? Na yi wannan tambaya ga wani dattijo cikin masu ɗaukar nauyin tafiyarmu, ɗan kasuwa ne a Mile 12. Ya dube ni ya ce, "Yaro, buhu ina ganinsa da idona ya shiga gidan. Kuɗi fa, wa ya san aljihun da zai kwana?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba Alhaji, amma buhu ba ya biyan mai reno." Ban ga laifinsa ba. An sha cin amanar mutane da sunan marayu, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai lissafin gida ba ya sauraron uzurinmu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko (Band A), wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A 2024 ɗin gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Legas ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta. Gidan marayu mai zaman kansa da ke rayuwa da sadaka, ina zai samo irin wannan ya biya mace da ke kwana a tsaye? Ga madarar gwangwani, ga kuɗin makaranta, ga asibiti, ga kwashe masai in ya cika. Ba wanda ke zuwa da tawaga ya ɗauki hoto da rasidin kwashe masai.

Sakamakon haka shi ne masu reno ba sa zama. Mace ta yi wata shida, ta samu aiki a shago ko gidan wani mai hali, ta tafi, a kawo sabuwa. A idon mai gida wannan matsalar ma'aikata ce. A wurin jariri kuwa uwa ce ta sake ɓacewa.

A nan ne ya kamata mu tsaya, domin nan ne abin da yawancinmu ba mu sani ba. Jariri ba abinci da tsafta kaɗai ke gina shi ba. Yana bukatar mutum guda, ko biyu, da zai yi kuka su amsa, yau su ne, gobe su ne, har ya san ƙamshinsu da muryarsu. A kan wannan ne yake koyon yarda da mutane, da magana, da haƙuri. Duniya ta ga abin da rashin haka ke haifarwa bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, lokacin da aka buɗe gidajen marayun ƙasar aka tarar da dubban yara da aka ciyar amma ba a rena ba. A shekarar 2000 masana suka fara wani dogon bincike a Bukares kan yara 136 na irin waɗannan gidaje, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabin suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi samun ci gaba a fahimta da harshe da shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Gidajen Legas ba Romaniyar wancan zamani ba ne, da yawansu akwai ƙauna ta gaske a ciki, amma halittar jariri ɗaya ce ko'ina.

Ka tuna yaron nan da ya rugo ya rungume ƙafarka ranar ziyara, yana kiran ka "Ankul", bai taɓa ganin ka ba? Mukan koma gida muna ba da labari, wai yaran akwai son mutane. Masu nazarin halayyar yara ba haka suke karanta shi ba. Ɗan shekara biyu da ya tashi a hannun uwa, in baƙo ya miƙo hannu sai ya yi ƙyuya ya ɓuya bayan zanenta. Ƙyuyar nan da muke yi wa yara tsiya a kai, alamar lafiya ce, tana nufin yaro ya san nasa. Wanda ke faɗa wa jikin kowa yana iya zama wanda bai samu nasa ba tukuna. Kuma duk Asabar sai a ɗauke shi, a yi masa wasa na awa biyu, a sauke shi a tafi, ba a dawowa. Mai sa kai da ya zo ya yi mako uku yana kwana da yara, ya shaƙu da su, sannan hutunsa ya ƙare, shi ya tafi da labari mai daɗi, yaron kuma ya ƙara koyon cewa duk wanda ya so ka tafiya zai yi.

Shi ya sa tsarin ƙauyen yara na SOS, wanda Hermann Gmeiner ya fara a Ostiriya a 1949 kuma aka buɗe na farko a Najeriya a Isolo a 1973, ya gina komai a kan uwa guda da gida guda da 'yan yara kaɗan da za su tashi a matsayin 'yan'uwa. Tsari ne mai tsada, kuma tsadar tasa ta biyan mace ce ta zauna shekara da shekaru.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi ba: su wane ne yaran? Mu a addini maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai balaga ba. Amma ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children sun daɗe suna cewa kusan huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da aƙalla uwa ko uba a raye. A Legas za ka tarar da jaririn da aka tsinta a kwali, da yaron da ya ɓace a tasha 'yan sanda suka kawo, da wanda uwarsa ta samu taɓin hankali ko take gidan yari, da mai nakasar da iyaye suka kasa, da wanda talauci tsagwaronsa ya kawo. Da yawa rabuwa ce ta kawo su, ba mutuwa ba, rabuwa kuwa ana iya gyara ta.

Bahaushe bai gaji gidan marayu ba, riƙo ya gada. Mutum ya rasu, kafin sadakar arba'in an san wanda baffa zai ɗauka, wadda goggo za ta tafi da ita, wanda zai zauna wurin kaka. Ɗa na kowa ne. Ba na cewa riƙo ba shi da tabo. Duk mun san 'yar riƙon da aka mayar baiwa, ita ce wanke-wanke, ita ce talla, 'ya'yan gida suna makaranta. Amma dai yaro yana cikin dangi, ya san sunan kakansa, yana da gidan da za a je neman aurensa. Wannan tsari yana aiki ne inda dangi ke kusa kuma tsakar gida ke da faɗi. Ka ɗauko shi ka kawo Idi-Araba ko Alaba Rago ko Obalende. Magidanci ɗan cirani, ɗan acaɓa ne ko ɗan dako a Mile 12 ko mahauci a mayankar Oko-Oba, yana ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya huɗu. Mota ta kaɗe shi. Matar ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, mai gidan haya yana jiran kuɗin shekara a dunƙule, baffannin yara suna can tafiyar kwana da yini. Abin da aka saba shi ne masallaci da fadar Sarkin Hausawa su haɗa kuɗin mota a mayar da su gida, kuma wannan ya rufa wa mutane da yawa asiri. Amma yanzu akwai waɗanda ba su da gidan komawa: waɗanda kakanninsu aka haifa a Agege, Arewa a wurinsu labari ce, waɗanda aure ya haɗa da wata ƙabila dangi suka juya baya, waɗanda suka gudo daga Borno ko Zamfara saboda garin nasu ba ya zaunuwa. Irin wannan bazawara ba gidan marayu take bukata ba. Kuɗin haya take bukata da ɗan jarin da za ta riƙe 'ya'yanta. Rabin abin da tawaga ɗaya ke kashewa a ziyarar Asabar ɗaya zai iya hana yara huɗu rabuwa da uwarsu, sai dai ba a ɗaukar hoto a ɗakin mai takaba.

Idan kuma yaron Bahaushe ya riga ya faɗa gidan, akwai wani aiki da ba mai iya yi sai mu, kuma ban taɓa jin an kira shi taimako ba. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da ya ɓace a tasha ba ya jin komai sai Hausa. Ma'aikatan gidan Yarabanci suke yi da Turanci da buroka. Yana kuka yana faɗin sunan babansa, da sana'arsa, da unguwarsu, ba mai ganewa, a rubuta a takarda cewa yaron ba ya magana sosai. Harshen yaro kuwa saurin sauyawa gare shi, cikin 'yan watanni ya kama na gidan, Hausar ta fara zubewa, duk abin da ya sani game da asalinsa yana zubewa tare da ita. Makonnin farko su ne ƙofa. Mutum ɗaya mai jin Hausa da zai zauna a tabarma da haƙuri, ya yi masa tatsuniya, ya saurare shi, ya rubuta abin da ya ji, ya miƙa wa jami'in walwala, sannan a kai cigiya masallatan Juma'a da shugabannin tasha, ya fi tirelar shinkafa amfani ga wannan yaro.

Wani abin da ke nisanta mutanenmu da gidajen nan shi ne zaton cewa ɗaukar yaro haramun ne. An haɗa abu biyu wuri ɗaya. Abin da aya ta 4 da ta 5 cikin Suratul Ahzab suka hana shi ne ka sauya wa yaro nasaba, ka kira shi ɗan cikinka alhali ba haka ba ne. Ɗaukar nauyinsa kuwa, hadisin da kowa ya haddace ne, na Manzon Allah (SAW) da ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya. A lura da kalmar: kafili, mai ɗaukar nauyi, ba mai leƙowa ba. Malaman fiƙihu sun ce ɗaukar ɗan tsintuwa farilla ce a kan al'umma, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in aka bari kowa ya yi laifi. Maganar muharramaka shayarwa cikin shekara biyun farko tana warware ta, maganar gado kuma akwai kyauta da wasiyya har sulusin dukiya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da ta jihar Legas ta 2007, sun bambanta mayar da yaro ɗa na dindindin da karɓar riƙonsa, na biyun kuwa shi ne ya yi kusa da abin da muka gada. Sai dai a Legas riƙon yaron da ba naka ba ba a yin sa da fatar baki. Ta Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma da ke Alausa ake bi, a bincike ka, kotun iyali ta yanke. Hanya ce mai tsawo da ban gajiya, na sani, amma duk gidan da ya ce zai ba ka yaro a bayan fage, ka fita da gudu.

Dalilin tsaurin ba ɓoyayye ba ne. A Satumbar 2019 'yan sandan Legas suka kuɓutar da mata 19 masu juna biyu daga wasu gidaje da ake tsare su don sayar da jariran da za su haifa. A wasu ƙasashen an gano gidajen da ke tara yaran talakawa masu iyaye don kawai jawo baƙi masu ba da gudummawa, har Ostireliya a 2018 ta sa wannan cikin nau'o'in bautar zamani. Inda tausayi ke kawo kuɗi, wani zai buɗe shago. Tambayar takardar rajistar gida kafin ka ba da sisi ba rashin kunya ba ne, kuma gidan kirki ba ya jin haushi. Haka nan gidan da ya hana ka ɗora fuskar yaro a Facebook ko TikTok, ka gode masa. Yarinyar nan za ta girma ta nemi aure, hoton yana nan yana jiran ta.

A tawagarmu abin da aka iya sauyawa kaɗan ne, kuma sai da aka kai ruwa rana. An bar ziyarar azumi yadda take, don dattawa ba za su yarda a taɓa ta ba. Amma Baba Alhaji ya amince duk mako a ware kwandon tumatur da attaruhu da albasa daga rumfarsa, abin da gidan ke saya da tsada kuma ba mai kawowa. Wasu mutum shida suka ɗauki albashin mai reno ɗaya, suna biya ta asusun gidan ana ba su rasidi. Wani tela a Zango ya karɓi yaro ɗaya da ya kusa shekara 18 yana koya masa ɗinki, domin ranar da yaro ya girma ya bar gidan, ba shi da baffan da zai kai shi wurin ubangida. Matasan da ke son wasa da jarirai aka roƙe su su kama wanki da gyaran gidan sauro da koyar da manyan yara lissafi, sai wanda ya yi alkawarin shekara cur sannan ya shiga ɗakin ƙanana. Mutum biyu ne suka yi alkawarin, ɗaya ta cika.

Ita ce ke zuwa ranar Talata bayan ta tashi daga koyarwa a Islamiyya. Akwai wata yarinya da aka kawo daga tasha, wadda aka ce ba ta magana. A zama na uku ta buɗe baki ta ce babanta yana sayar da raguna, kuma kakarta tana kiran ta da wani suna daban da wanda aka rubuta mata. An kai cigiya Alaba Rago da kasuwar dabbobi ta Agege, an faɗa a masallatai biyu. Har yanzu ba wanda ya zo. Malamar tana ci gaba da yi mata Hausa duk Talata, yarinyar kuma ta fara amsa mata da Yarabanci.